Wayar Juma'a da Jirgin Jan-baki

Yaran da ke gyaran waya a rumfar da ke kallon tawa suna da tambaya guda da suke jefo mini duk ranar da kasuwa ta yi sanyi. "Baba Injiniya, wai da gaske ne waya tana kayar da jirgi, ko dai tsoratarwa ce kawai irin ta ma'aikatan jirgi?" Mai tambayar yakan yi ta yana murmushi, don ya riga ya yanke hukuncinsa. Ɗayansu ya taɓa hawa jirgi zuwa Legas bai kashe wayarsa ba, ya kuma dawo da ƙafafunsa, to tun daga ranar ya zama shehin malami a fannin. A wurinsu sana'ar nan ba ta wuce a ɓalle fasasshen gilashi a manna sabo ba. Nakan ce musu ni dai ban taɓa ganin wayar da ta kayar da jirgi ba. Abin da na gani shi ne wayar da ta toshe wa matuƙi kunne yana sama, magariba na shigowa, ga rami yana jiransa a ƙasa.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne in zauna in saurara. Na bar koyarwa a makarantar firamare na shiga shagon Oga Benedict a Sabon Garin Gusau, ina ji da kaina don na karanta littattafan lantarki har na haddace zane-zanensu. Ya ajiye mini wata tsohuwar rediyo mai tari da shaƙewa, ya ɗauke sukundireba daga gabana ya sa a aljihu. Na yini ina jin tarin. Da yamma ya tambaye ni, "Malam, me ta ce maka?" Na ce ta lalace. Ya ce wannan ai mai ita ma ya sani, shi ya sa ya kawo ta. Dokarsa ita ce ba a kashe abin da ke magana sai an ji abin da yake faɗa. A hannunsa na koyi narka dalma da ƙarfen da ake dafawa a garwashi, saboda wutar lantarki baƙuwa ce a unguwar, na koyi karanta mita, na koyi hawa sandar eriya ba tare da na duba ƙasa ba. Amma sauraren nan shi ne jarin, sauran duk kayan aiki ne.

Bayan an ba mu jihar Zamfara, sai ga wani sabon kaya ya shigo gari, waya maras igiya mai dogon zango. A lokacin babu wayar aljihu irin taku. Layin tarho a cikin Gusau kawai yake, shi ma sai gidan wane da wane. To ita wannan aba biyu ce, muna ce musu uwa da ɗiya. Uwar akwati ce da ake jona wa layin tarho a gari, a kafa mata eriya a kan doguwar sanda. Ɗiyar kuwa ita ake ɗauka a tafi da ita, in an buga layin sai ta yi ƙara ko tana wani gari. Masu hali suka yi ta saye. Wanda gidansa ya yi nisa sai a ƙara wa uwar wani akwati mai ƙara mata ƙarfi. Matsalar ita ce irin waɗannan akwatunan ba su da ladabi. Suna ihu a zangonsu, suna kuma zubar da ihun a zangon maƙwabta, kamar mai watsa ruwan wanki ta kan katanga. Wanda ya sayar ba ya faɗa, wanda ya saya bai sani ba.

Shekarar da ta fi kowace wuya a aikina ita ce shekarar jan-baki. Waɗanda ba su taɓa gani ba suna jin an ce tsuntsu sai su yi dariya. Ƙanana ne, ba su kai tafin hannu ba, amma in suka taso kamar hadari suke rufe rana, in suka sauka a gonar gero ko shinkafa, kafin mai gona ya gama ihu an bar masa kara. A damanar nan suka yi sansani a fadamun wajen Tsafe. Ga kuma wahalar man fetur, mota takan kwana ta yini a layi. Aka yi hayar wani ƙaramin jirgin feshi, aka share masa wani tsohon fili na jan ƙasa a gabashin Gusau, wanda masu feshin auduga suka bari tun da daɗewa. Ni aka ɗauka in riƙe rediyon ƙasa: babban akwati ɗaya a rumfar kwano, eriya a kan sanda, da ƙaramar rediyon hannu, oba-oba, don ko-ta-kwana.

Matuƙin sunansa Kaftin Etim, mutumin kudu ne, gajere, mai yawan shiru, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Aikinsa na da wani sharaɗi mai ban tsoro. Jan-baki ba a samunsu wuri ɗaya sai sun dawo makwanci dab da faɗuwar rana, saboda haka sai ya tashi da yamma, ya yi feshi rana na jan ƙafa, ya dawo ya sauka da sauran hasken da ya rage. Filinmu ba shi da fitila ko ɗaya. Duk abin da zai sani game da ƙasa, iska ce ko ruwa ko dabba a kan titi, daga bakina zai ji shi.

A bayansa akwai wani matsattsen wurin zama, nan Malam Nasiru yake shiga. Jami'in gona ne, kuma shi ne mutum na farko da na gani da kwamfutar cinya a garin nan. A cikinta yake sa alamar inda tsuntsayen suke kwana. Yana riƙe ta kamar jariri, har da zanen rufa ta.

Ranar wata Juma'a Kaftin ya sauko ransa a ɓace. Ya ce tun da ya haura sama rediyonsa ya cika da ƙara da wata gunaguni, ya yi ta kirana yana jin muryata kamar daga cikin rijiya, daga baya ma ta ɓace. Ni kuwa a ƙasa ban ji komai ba sai shi, tangaram. Ya nuna kwamfutar da yatsa ya ce ita ce, a jiragen fasinja ma hana kunna su ake yi. Malam Nasiru ya rungume abarsa ya ce, "Haba Kaftin, wannan ko sauro ba ta kashewa."

Ba a raba irin wannan gardama da baki, sai da gwaji. Washegari muka tayar da injin a ƙasa, na sa abin kunnen Kaftin, Nasiru ya kunna kwamfutar. In ya matso da ita kusa da allon matuƙi sai in ji wani siririn tsaki a kunne, allurar da ke nuna inda tashar rediyo take kuma ta ɗan yi rawa. In ya ja da baya sai abin ya lafa. Wato Kaftin bai yi ƙarya ba, kwamfutar tana da nata ɗan surutun. Amma tsaki daban, gunaguni daban. Duk da haka jirgi nasa ne, rai nasa ne, ya ce kwamfuta ta zauna a ƙasa, mai ita ma ya zauna da ita. Aka yi ta tashi lafiya har kowa ya ce an kama ɓarawo. Malam Nasiru ya koma yawo a bakin fili kamar wanda aka sallama daga aiki.

Da Juma'a ta zagayo, gunagunin ya dawo, kwamfuta kuwa tana cikin jakarta a rumfata.

Juma'ar da ta biyo baya na matsa kaina a kujerar Nasiru muka tashi tare. Muna ƙasa shiru. Muna haura tsayin Dutsen Kwatarkwashi sai ƙarar ta shigo, kamar ana soya wani abu a cikin kunnena. Kaftin ya kai hannu zai rage murya, na riƙe hannunsa. A ƙarƙashin suyar akwai magana, a murguɗe, amma magana ce. Na rufe ido na bi ta a hankali har ta fito: "...lahiya lau... ina su Hajiya... a gaishe min da Mamman... awo, ruwa ya yi gyara..." Abin da Kaftin ya ɗauka lalacewar na'ura ce, gaisuwar mutanenmu ce, wadda kowa ya san ba ta da ƙarshe. Wata uwar waya ce ke zubar da ihunta a zangon jirage. Mu a ƙasa tudu ya tare mana ita, shi kuwa na sama babu abin da ya tare masa.

Gano mai ita bai yi wuya ba, don masu gaisuwar sun yi ta ambaton unguwannin Bunguɗu. Wani attajirin hatsi ne, Alhaji Auta. Uwar tana shagonsa a Sabon Gari, ɗiyar tana gidansa a Bunguɗu, an kawo masa su daga Kano tare da akwatin ƙarin ƙarfi mai girman buhun gishiri. Sauran ranaku wayar tana hutawa da yamma. Amma ranar Juma'a, daga la'asar zuwa magariba, Alhaji ya mayar da ita sadaka. Ana shimfiɗa tabarmi a zaure, duk mai ɗa ko miji ko ɗan'uwa a Legas ko Fatakwal ko Makka ya zo ya zauna. Na can sun san lokacin, su suke bugowa, a kira sunan mai rabo ya karɓa. Mutane daga ƙauyuka suke takowa saboda wannan.

Na same shi a zauren na yi masa bayani. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Injiniya, wato maganar da muka yi nan, can bisa ana jin ta?" Na ce ana ji, Alhaji. Ina ganin yana tuna duk cinikin da ya taɓa yi a wayar. Sannan ya ce shi ma gonarsa na cikin abin da jirgin ke karewa, saboda haka har a gama feshi, ba za a ɗaga ɗiyar ranar Juma'a da yamma ba. Uwar dai a bar ta a kunne saboda harkar shago da safe. Muka yi musabaha. Abin da ni da shi ba mu lissafa ba shi ne, an sanar da na zaure, amma babu wanda ya sanar da na Legas.

Juma'ar da nake son ba ku labari, Alhaji ya yi tafiya. Kaftin ya tashi da yamma sararin Tsafe fes. Bai daɗe da ɓacewa ba hadari ya taso mana daga arewa, irin na ƙarshen damina, gajere mai mugunta. Iska ta ɗaga kwanon rumfata, ta kwantar da sandar eriya ta karya ta biyu. Ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke kamar an rufe famfo. Na duba babban rediyo, ya sha ruwa, babu eriya, ya zama akwatin ajiye kaya. Motar aikinmu tana layin mai tun jiya. Abin da ya rage mana shi ne oba-oba, da tsohon babur ɗina, da Malam Nasiru da kwamfutarsa.

Muna tsaye muna kallon ɓarnar sai ga Malam Buba da gudu. Bafulatani ne da rugarsu ke bayan filin, kullum da yamma shanunsa sukan ƙetare titin jirgin su koma gida. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba sai ranar.

"Injiniya, ƙasa ta buɗe can!" Ya nuna yamma da sandarsa. "Karsanata ta faɗa har ƙirji, da ƙyar muka jawo ta."

Muka je. Ashe akwai tsohon kwalbati a ƙarƙashin titin wanda babu wanda ya san da shi, ruwan ya rufta da shi. Rami ne ya yanke titin daga gefe zuwa gefe, ruwa ja ya cika shi ya shafe bakinsa, yana kwance lumui kamar sauran tabkunan da ke kan filin. Daga sama babu mai bambanta shi da ruwan da bai kai idon sawu ba. Kuma daidai nan Kaftin yake sa ƙafafun jirginsa kullum, don daga yamma yake shigowa ya gangara zuwa rumfa.

Na ɗaga oba-oba na kira. Shiru. Na sake kira. Can sai muryarsa ta fito sarai, don shi daga sama yake magana. Ya ce ba ya jin kowa sai wata mata, in muna jinsa, ya gama feshi, ya juyo, mansa ba shi da yawa, zai sauka yadda ya saba.

Wata mata. Na dubi Nasiru, Nasiru ya dube ni. An ɗaga ɗiyar.

Na yi ta danna oba-oba ina ihu, ko da yake na san ƙaramar aba irin wannan ba ta iya ture akwatin Alhaji. Abin da na samu kawai shi ne jar fitilar batir ta fara ƙyaftawa. Nasiru ya ce a kunna wuta a bakin ramin. Da me? Ko ciyawa ɗaya babu busasshiya. Ya ce to mu tsaya mu yi ta ɗaga hannu. Na ce yaran ƙauye kullum suna ɗaga masa hannu, har ya saba mayar musu.

Malam Buba ne ya ce, "Shanuna farare ne. In na jera su bakin ramin, ko duhu ya fara zai gan su."

"Zai gan su," na ce, "ya sauko ƙasa-ƙasa ya watsa su da ƙara, yadda yake muku kullum, ya zagayo ya sauka cikin ramin."

"To sai a gaya masa kada ya watsa."

Maganar ke nan, sai an gaya masa. Na miƙa wa Nasiru oba-oba na ce kada ya sake taɓa ta, ya tanadi ɗan abin da ya rage. Ni zan tafi Sabon Gari in zare wa uwar wuta. Da zarar ya ji Kaftin ya ce ƙara ta ɗauke, ya gaya masa ya shigo daga gabas, ya tsaya kafin shanu. Buba bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, ya riga ya juya yana kiran dabbobinsa da sunayensu. Dukiyarsa ce gaba ɗaya zai jera a gaban farfela, bai kuma tambayi wanda zai biya ba.

Ba zan ba ku labarin hanyar ba, don ban gan ta ba. Na san dai taɓo ya kayar da ni sau ɗaya, na san ina jin man babur yana ƙara a ƙasan tanki kamar sauran shayi a kofi, na kuma san duk lokacin da na ɗaga kai rana ta ƙara yin ƙasa. Ina shiga Sabon Gari na fara jin ƙugin jirgin daga nesa.

Shagon Alhaji a buɗe yake, dattijon da ke jiransa, Baba Ila, yana alwala a bakin ƙofa. Na wuce shi ko sallama babu.

"Kai! Kai! Lahiya? Wane na?"

Ga uwar a kan kanta, fitilarta koriya tana ci, an jona ta da batirin mota. Na kama wayar batirin. Fizga ɗaya ta isa.

Sai na tsaya. In na zare, kunnen Kaftin zai buɗe, gaskiya ne. Amma wa zai yi magana a cikinsa? Oba-oba mai jar fitila, wadda wataƙila ta riga ta mutu a hannun Nasiru. In ta mutu, na ba Kaftin shiru mai daɗi, ya ɗauka komai lafiya, ya sauka. Kuma in na zare, kiran ya yanke, ba ni da hanyar dawo da shi. A duk faɗin Zamfara a wannan lokacin, murya ɗaya ce na tabbata tana isa kunnen mutumin nan, ita ce wadda nake shirin kashewa. A gefen uwar akwai tarhon tebur na shago, layinsu ɗaya. Duk abin da aka faɗa a cikinsa, uwar za ta watsa shi.

Na saki wayar batir na ɗaga tarhon.

Wata tsohuwa ce ke magana. "...Lawali, ka ce kana cin abinci dai? Muryarka ta rame..."

"Salamu alaikum. Inna, ki gafarce ni."

"La'ilaha! Wane na cikin wayag ga? Lawali, kai da wa a nan?"

Wata murya daga nesa ta ce, "Kai malam, sauka mana daga layi! Katina na ƙarewa!"

"Inna, sunana Injiniya, daga shagon Alhaji nake. Akwai jirgi a sama, mai kashe jan-baki. Matuƙin yana jin wayar nan, ba ya jin kowa sai ita. Akwai rami inda zai sauka, bai sani ba. Ina so ki ba ni aron layin. Kada ki ajiye, in kin ajiye ya rasa ni. Ki riƙe kawai ki yi shiru."

"Ɗan nan, tun bara waccan ban ji muryar ɗana ba. Da ƙahwa niz zo tun hantsi. Hajiyar Alhaji ta ce an hana, da wayar ta yi kuka ta dube ni ta ce ɗauki. Yanzu kuma kai ka ce in yi kurum?"

Ƙugin jirgin ya ƙaru, kwanon shagon ya fara amsawa. Na ce, "Inna, don Allah."

Sannan ta ce, "Shi na cikin jirgin, shina da uwa?"

"Yana da ita."

"Lawali, yi kurum. To hwaɗa mai."

Magana ta irin wannan hanya a murguɗe take isa, na ji da kunnena, saboda haka na zaɓi kalmomi kaɗan na Turanci na yi ta jera su a hankali kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya karatu. Kaftin Etim, Injiniya ne. Rami a yamma. Kada ka sauka daga yamma. Shigo daga gabas. Shanu alama ce, kada ka watsa su. Tsaya kafin shanu. Na maimaita, na sake maimaitawa. Sannan na tuna ba shi da hanyar amsa mini. Na ce in ka ji ni, kunna fitilarka ka zagaya kan Sabon Gari.

"Baba Ila! Dubi sama! Ka ga jirgin?"

"Na gane shi. Ga shi can ya miƙe."

"Ya kunna fitila?"

"A'a."

Na koma na fara daga farko. A ƙarƙashin muryata ina jin numfashin tsohuwar, tana salati ƙasa-ƙasa. Can na ji wani ƙit a layin, sai dogon kuka. Katin Lawali ya ƙare. Ta ji, na san ta ji, don salatin ya tsaya. Amma ba ta ajiye ba. Na ci gaba da magana a kan kukan layin, rami a yamma, shigo daga gabas.

"Injiniya!" Baba Ila ya shigo da butarsa a hannu. "Ya kunna! Wallahi ya kunna, ga shi ya karkato bisa kanmu!"

Jirgin ya wuce kan shagon har kwalaben kanta suka yi ƙara, ya juya gabas, ƙugin ya yi ta raguwa har ya ɓace. Daga nan babu sauran abin da sana'ata za ta iya. Na fita da tarhon a kunne iyakar tsawon igiyarsa, ni da Baba Ila muna kallon gabas, muna jiran ko dai hayaƙi ko babu. Aka kira sallar magariba a masallacin unguwa. Sararin ya yi ja, ya yi toka, babu hayaƙi.

"Ɗan nan," in ji tsohuwar, "ya sauka?"

"Ina jin ya sauka, Inna."

"To madalla. In aje?"

"Ajiye, Inna. Allah ya saka."

Da na koma filin na tarar da jirgin tsaye, taɓo har fukafukai, hancinsa yana kallon shanun Buba, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Iska ta biyo shi ta baya, ƙasa ga santsi, ya yi ta zamewa har ya tsaya a nan. Shanun ba su watse ba, don Buba yana tsaye a tsakiyarsu yana musu magana. Kaftin yana zaune a kan tayar jirgi yana kallon ramin. Malam Nasiru ya miƙo mini oba-oba. Ta mutu tun ban kai bakin hanya ba.

Daga baya na buɗe akwatin Alhaji na sa masa abin tace ihun, na rage masa ƙarfi, ya daina shiga zangon jirage, ko da yake a ranar hadari sai an fita tsakar gida da ɗiyar. Kwamfutar Nasiru ta koma jirgi, da sharaɗin a rufe ta lokacin tashi da sauka, kuma har yau ina ganin sharaɗin daidai ne. Tsakinta ƙarami ne, amma na ga yadda kunnen matuƙi yake da tsada a minti na ƙarshe.

Kafin in yi wannan gyaran sai da wata Juma'ar ta zo. Tsuntsaye na nan, manoma na jira, sarari fes. Kaftin ya ce ba ya tashi, layin yau na wata ne. Ya sa na ɗauke shi a babur har Bunguɗu. An aika wa Lawali ta bakin direbobin Legas cewa ya sake bugowa, tsohuwar kuma ta sake takowa. Muka same ta a zauren Alhaji, 'yar ƙarama, ta naɗe ƙafafu a kan tabarma, idonta a kan ɗiyar wayar. Sunanta Inna Ige. Na ce mata ga mutumin jirgin.

Kaftin ya cire hula ya durƙusa. Ban san ya tanadi komai ba. Ashe duk Juma'o'in nan da yake fama da gunaguni a sama, wani abu ya zauna masa. Ya buɗe baki da harshen Bunguɗu tsantsa, tambaya da amsa a haɗe, yadda ya ji su:

"Inna, ina wuni, lahiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ina su Hajiya, awo, ruwa ya yi gyara, a gaishe min da Mamman."

Zauren ya fashe da dariya. Inna Ige ta dube shi sama da ƙasa ba ta yi dariya ba.

"Mamman shina ji," ta ce. "Kai kuma ka rame. Ka kira uwarka?"

Na fassara masa. Ya girgiza kai.

Sai wayar ta yi ƙara. Ta kai hannu, ta tsaya, ta dube ni.

"Babu kowa bisa?"

"Babu kowa, Inna. Ga shi nan zaune."

Ta ɗauka.